Hannun Zahiyya

A gidanmu ba a naɗe wasiƙa sai an kira ni. Shehu Abdulgani, malamin ƙauyenmu, shi ke zuwa da tawadarsa ya zauna a bakin ƙofa, Sitti kakarmu ta harɗe ƙafa a gabansa tana faɗa yana rubutawa. Wasiƙar kullum ta mutum ɗaya ce, Baffa Darwish, yayan mahaifina, wanda ya tafi Amurka yin koli tun ana goya ni. Sai da na girma na ji wai Arjantina ake ce wa inda yake, amma mu a ƙauyukan kwarin Bika, can bayan duwatsun Beirut, duk abin da ke bayan teku Amurka ne. Sitti za ta gaishe shi, ta ba shi labarin ruwan bana, da yadda inabi ya yi, da wanda ya yi aure, da wanda jakinsa ya karye. In magana ta ƙare mata sai ta ɗaga murya.

"Fidda! Kawo hannun nan."

Sai in zo in shimfiɗa tafin hannuna a bayan takardar, Shehu ya bi gefen yatsuna da fensir yana ƙunƙuni, ya rubuta wasu kalmomi a tsakiya, Sitti ta miƙo mini busasshen ɓaure. Duk gidan da ke da mutum a bayan teku haka suke yi, don uba ya ga yadda ɗansa ke girma. Ni na ɗauka Baffa ne ke ɗokin ganin hannun 'yar ƙaninsa, har yanga nake yi wa ƙannena. Abu ɗaya dai na lura da shi: da zarar an kira ni, Shamsa matar Baffa sai ta tashi ta nufi tanderu, ko da ba ranar gashin gurasa ba ce. Dama ba ta cika kallona ba, na ɗauka jininmu ne bai haɗu ba.

Shamsa ta taɓa haihuwa. 'Yarta Zahiyya a wata ɗaya aka haife mu, ƙyanda ta ɗauke ta muna shekara uku. Na san da maganar sama-sama, irin sanin yara, don ba a ambatonta a gida.

Ina shekara goma sha biyu, ana dab da tsinkar inabi, Hamad mai alfadarai ya kawo wasiƙa daga Zahle haɗe da ɗan ƙunshi. Bisa al'ada in za a karanta wasiƙar Baffa, Sitti kora ni take yi ɗibar ruwa. Ran nan Shehu yana saurin la'asar, sai ya fara karatu ina bayan ƙofa ina neman gammo.

"Ina sumbatar hannun mahaifiyata, ina neman albarkarta. Na ajiye akwatin koli, na buɗe kanti. Kafin takardar nan ta iso ku na shiga jirgin ruwa. Zan zo in ɗauki Shamsa da 'yata Zahiyya. Ga awarwaron azurfa nan, a kan hannunta da kuka zana mini na ƙarshe na auna shi, ku sa mata, ina so in tarar da shi a hannunta."

Shehu ya tsaya.

Na leƙo na ce, "Wace Zahiyya?"

Shamsa ta jingina da bango ta rufe ido. Shehu ya ajiye takardar a cinyarsa ya dubi Sitti.

"Ummu Darwish, na gaya miki. Tun ranar farko na ce miki ƙarya ce, kika ce in rubuta, zunubin a wuyanki. To ga wuyan, ga zunubin."

"Ka gaya mini, ka gaya mini," in ji Sitti, "amma ban taɓa ganin ka mayar da gahawata ba. Naɗe takardarka ka tafi salla, kada ita ma ka makara."

Inna, mahaifiyata Nayifa, ita ta jawo ni jikinta ta gaya mini a kunne. Baffa bai san 'yarsa ta mutu ba. Duk hannun da aka zana a shekarun nan, abin da Shehu ke rubutawa a tsakiyarsa shi ne, wannan hannun 'yarka Zahiyya ne. Tulun ya kuɓuce mini ya fashe. Na dubi hannuna, na ji kamar ba nawa ba, na goge shi a jikin rigata, na sake gogewa. Ashe duk ɓauren da na ci ladan zama gawa ne.

Sitti ko gezau. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallona? Mutuwa ba ta ƙetare teku a takarda. Mutum shi kaɗai cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba, ya buɗe takarda ya ga 'yarsa ta mutu, wa zai zauna da shi? Wa zai dafa masa abinci? Ɗan Hajja Amsha da aka rubuta wa rasuwar matarsa, ba daga rijiya aka tsamo shi ba? Ni ban haifi ɗan da zan kashe da tawada ba."

Inna ta ce, "To yanzu ai ga shi yana tafe."

"Ba a tarar matafiyi da mutuwa. Ya ci, ya huta, masu sannu da zuwa su gama, sannan ni da bakina zan gaya masa. Kafin nan Fidda ita ce Zahiyya."

"Sitti, 'yata ce fa, ba tukunya ba ce da za a ba maƙwabta aro!"

"Aron ma ai cikin gida ne. Ƙasim, ba ka da baki ne? Yi wa matarka magana."

Ƙasim shi ne mahaifina. Yana zaune yana naɗin taba, ya naɗe ya warware, ya sake naɗewa. Abin da ya iya cewa shi ne, "'Yan kwanaki ne, Nayifa." Sitti ta kwance ƙunshin ta zura mini awarwaron, ya zauna daidai kamar a jikina aka ƙera shi. Washegari ta ɗauki sandarta ta bi gari gida-gida tana jan kunnen mutane.

Ranar da Baffa ya iso gari ya fita tarye har bakin gonaki, samari suna harba bindiga sama. Ya sauko daga alfadari da malafa da wando irin na Turawa, kansa duk furfura, ya faɗa kan hannun Sitti yana kuka. Da ya ɗago sai ya shiga duban 'yan matan da muka jeru. Sitti ta zungure ni na yi gaba. Bai tsaya a kan fuskata ba. Hannuna ya kama, ya buɗe tafin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne. Ko cikin hannu dubu zan tsamo shi."

Ya kifa fuskarsa a tafin, na ji hawayensa suna bin hannuna har gwiwa. Na dubi Baba, Baba yana duban takalminsa. Na dubi Inna, ta cusa gefen mayafinta a baki tana cizo.

A gida ya fito da wani gwangwani daga aljihun kwat, ya buɗe a gaban baƙi, ya jera takardun a kan tabarma daga ƙaramin hannu zuwa babba. Tsakiyar kowanne ya yi baƙi saboda sumba.

"In na sauke akwati a rumbun wani manomi, ƙafafuna sun kumbura, karnuka sun yaga mini wando, waɗannan nake fitarwa," ya ce. "Sai in ce, Darwish, tashi, yarinya tana girma."

Maza suka yi ta masha Allah suna kallon rufin ɗaki. Tsoho Abu Sulaiman, wanda mantuwa ta fara kamawa, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙ..." sai ɗansa ya taka masa ƙafa, ya ƙarasa da, "Allah ya raya ta." Wasu suka shiga tarin ƙarya. Ni kuwa ina tsaye da tiren gahawa a hannuna.

Inna ba ta iya ba. Duk sanda Baffa ya ce "'yata", sai ta saki abin da ke hannunta. Kafin a kwana biyu ta fasa akushi ta ƙona miya, sai Sitti ta ce a kai ta wurin yayanta a ƙauyen da ke can ƙetaren kwari, har a gama. Baba da kansa ya ɗora ta a jaki. Da za ta tafi ta ja ni bayan rumbu ta riƙe fuskata.

"Sunanki Fidda, ni na haife ki. Kowa ya kira ki da wani suna, ki amsa da baki kawai."

Aka mayar da shimfiɗata ɗakin Shamsa. Matar da ta shekara tara ba ta taɓa ni ba, ita ce ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta wanke mini kai, ta shafa man zaitun, ta shiga tajewa a hankali tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Zahiyya, miƙo mini zaren can."

Na ce, "Ai ba kowa a ɗakin. Baffa yana waje."

"Baba za ki ce," ta ce, ba ta ko dakata da kitson ba.

Na juyo na dube ta, ta yi mini murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Tun daga lokacin na fi jin tsoronta a kan kowa.

Masu sannu da zuwa suka ƙare. Baffa ya fara maganar komawa, wai ya bar kanti a hannun abokin ciniki, kuma jirgin da ya kawo shi ba zai daɗe a Beirut ba. Ya sa aka ɗinka mini riguna biyu. Ran nan da safe muna bakin tanderu, ni ina riƙe da faifan ƙullu, Sitti ta zo ta tsaya a kan Shamsa.

"Yau zan gaya masa."

Shamsa ta manna gurasa a jikin tanderu, ta ce, "Ki gaya masa me?"

"Kada ki raina mini hankali. Abin da muka ce."

"Abin da kika ce dai. Ni yaushe aka taɓa tambayata?" Ta miƙe tsaye, hannunta duk gari. "Ranar da na binne 'yata kika ce kada in ɗaga murya, kada masu alfadarai su ji su kai labari Zahle, daga can ya hau jirgi. Na haɗiye. Kika hana a sa dutse a kabarinta. Na haɗiye. Kika riƙa ɗora hannun 'yar wata a kan sunan 'yata, ina ji ina gani. Ke kika ce tana da rai, Shehu ya rubuta, gari duk ya shaida. To na yarda. Tana da rai, ga ta nan, kuma da ita zan tafi."

"Innalillahi! Shamsa, kin haukace ne?"

"Yau kika sani? Je ki gaya masa. Ki ce, ɗana, takardun da kake sumbata ni na shirya maka su. Ki ga ko zai ƙara ce miki Umma. Ni kuwa zan ce tsufa ne ya taɓa ki."

Tunda nake ban taɓa ganin an rufe wa Sitti baki ba sai ranar. Ta dafa bango, ta koma ɗaki tana jan ƙafa. Gurasar ta ƙone a tanderu babu wanda ya ciro ta. A nan na gane cewa maganar 'yan kwanaki ta wuce, da gaske tafiya za a yi da ni bayan teku, da sunan wata, kuma Inna ba ta ma sani ba.

Na jira Sitti ta yi magana, ba ta yi ba. Ta kwanta wai zazzaɓi. Na je wurin Baba a gona, na ce, "Baba, tafiya fa za su yi da ni." Ya ce in yi haƙuri, yana neman lokacin da ya dace. Lokacin da ya dace! Har aka fara ɗaure kaya yana nemansa.

Ana gobe tafiya na sami Baffa shi kaɗai a inda aka shanya inabi don yin zabibi, yana tsinta yana ci. Na tsaya nesa kaɗan.

"Baffa, ni ba Zahiyya ba ce. Ni Fidda ce, 'yar Ƙasim."

Ya yi dariya, ya miƙo mini inabi.

"Uwarki ta gaya mini. Ta ce lokacin da ta yi doguwar jinya, a hannun Nayifa kika tashi, shi ya sa kike ɗaukar kanki 'yarsu. Ita Fiddar ai an ce tana can wurin kawunta tare da uwarta. Tsoron teku ne, 'yata, ni ma na ji shi."

"Wallahi Baffa, Zahiyya ta mutu. Ƙyanda ce ta kashe ta."

Dariyar ta ɗauke. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Kada ki ƙara yi wa kanki wannan mugun baki."

"Ka tambayi Baba."

Ya kama wuyan hannuna, ya ja ni har tsakar gida. Ya ƙwala wa Sitti kira, ta fito tana dafa bango. Shamsa tana bakin ƙofarta da ƙullin kaya a hannu. Baba yana zaune yana gyaran kwando.

"Umma, kin ji abin da yarinyar nan take faɗa? Wai ita ba 'yata ba ce."

Sitti ta kauce wa idonsa. Ta dubi Shamsa, Shamsa ta kafe ta da ido. Sai Sitti ta sarƙe da tari, ta zauna a ƙasa. Baffa ya juya wurin ƙaninsa.

"Ƙasim. Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba tun muna yara. Dube ni. Yarinyar nan ta wa ce?"

Na saki ajiyar zuciya, don na san an zo ƙarshe. Har na fara takawa wurinsa. Baba ya ɗago, ya dubi yayansa, ya dubi uwarsa a ƙasa, ni ce kawai bai duba ba.

"Taka ce, Yaya," ya ce. "Ta wa za ta zama? Rigimar yara ce kawai."

Ya sunkuya ya ci gaba da saƙar kwandonsa.

Ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka toshe, na ga bakin Baffa yana motsi ban ji abin da yake cewa ba. Mutane sun sha kawo mini dalilai daga baya. Wasu suka ce tsoron Sitti ne. Wasu suka ce nauyin yayansa yake ji, don shi ya fanshe shi lokacin da Turkawa ke kwasar samari zuwa yaƙin Yaman. Wasu ma suka ce gata ya so ya yi mini, in je inda ake cin nama kullum. Su suka sani. Ni dai da kunnena na ji ubana ya ce ni ba tasa ba ce, kuma muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Da safe Hamad ya kawo alfadarai. Aka ɗora akwatuna, aka ɗora Shamsa, aka ɗora ni a gabanta ta zagaye ni da hannuwanta. Gari ya fito rakiya, maza a gaba, mata a baya, babu mai kallon idon wani. Sitti ta ce ba za ta iya fitowa ba. Baba ma bai fito ba, wai cikinsa ke ciwo. Ina ta waiwaye ko zan ga wanda zai ce uffan. Matan da suka san ranar da aka haife ni, waɗanda suka ci abincin sunana, duk suna tafe suna cewa, "Allah ya kiyaye hanya, Zahiyya." Na tsani garin nan a safiyar nan, har karnukansa.

Mun kai inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Zahle ɗaya ta gangara kwari, sai ga wata mace tana haurowa da baƙaƙen kaya, ba takalmi, ta shafe fuskarta da baƙin tukunya yadda mata ke yi ranar mutuwa. Sai da ta matso na gane Inna ce. Daga baya na ji Shehu Abdulgani ne ya aika mata tun jiya, ta taso da asuba a ƙafa.

Ba ta dube ni ba. Kai tsaye ta wuce ta kama linzamin alfadarin Baffa, ta tsayar da shi.

"Abu Zahiyya," ta ce, da murya yadda kowa zai ji, "Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya jiƙan Zahiyya, ya sa mai ceto ce. Na makara da ta'aziyya shekara tara, ka yafe mini. Ni na wanke ta da hannuna, ni na sa mata likkafani."

Baffa ya ce, "Nayifa, me ya same ki? Ku riƙe ta, matar nan ba ta da lafiya."

Inna ta saki linzamin, ta ɗora hannu biyu a ka, ta kurma kukan mutuwa, ta kira sunan Zahiyya ta ja shi har ƙarshen numfashinta. A garinmu in mace ta ɗaga wannan kuka, ba a barinta ita kaɗai. Hajja Amsha ce ta fara amsawa, wataƙila ma ba da niyya ba, bakinta ne ya riga ta. Sai ta kusa da ita ta ɗauka, sai ta bayanta. Kafin ka ce me, matan gari gaba ɗaya sun zube a kan hanya suna kukan yarinyar da aka hana su yi wa kuka. Alfadarai suka firgita, Hamad yana ta fama da su.

Baffa ya yi ta juyawa yana dubansu, bakinsa a buɗe. Shehu Abdulgani ya ratso ya zo gabansa, ya kama hannunsa.

"Allah ya ba ka haƙuri, Darwish. Gaskiya ce. Da hannuna na rubuta maka ƙaryar, da bakina nake gaya maka."

Maza suka bi bayansa, kowa ya zo ya kama hannun ya faɗi nasa, har da Abu Sulaiman, wanda a wannan karon aka bar shi ya ƙarasa addu'arsa. Baffa yana miƙa hannu yana karɓa kamar wanda bai farka ba. Can ya zamo daga kan alfadarin, malafarsa ta faɗi, ya zauna a tsakiyar hanya cikin ƙura da sabon wandonsa. Ya ɗago ya dubi matarsa.

"Shamsa?"

Hannuwanta suka ƙara matse ni har numfashina ya ɗauke. Ina jin bugun zuciyarta a bayana. Na ɗauka za ta ce ƙarya suke yi, duk garin. Sai na ji riƙon yana sassautawa, yana sassautawa, ta sake ni. Ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ta faɗo ƙasa. Mata suka yi kanta.

Inna ta sauko da ni, ta zare awarwaron daga hannuna har sai da fata ta saɓule, ta ajiye shi a gaban Baffa. Ya dubi awarwaron, ya dube ni, wannan karon a fuska.

"To ke wace ce?"

"Fidda."

Ya gyaɗa kai, ya maimaita sunan a hankali. Sannan ya ce, "Ku nuna mini inda take." Maza suka dubi juna, don babu dutse, kuma ciyawa ta daɗe da rufe wurin. Shamsa ce ta miƙe, fuskarta duk ƙasa, ta kama hanyar maƙabarta ba ta waiwaya ba. Ya tashi ya bi ta, gari ya bi su, aka bar alfadarai da akwatuna a kan hanya.

Mu ba mu bi su ba. Inna ta riƙe hannuna muka juyo gida, ƙafafunta suna barin jini a kan duwatsu. Ban gaya mata abin da aka yi jiya a tsakar gida ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Muka tarar da Baba a inda na bar shi, da kwandon a gabansa. Ya ji kukan tun daga nesa, ya san abin da ya faru. Ya dubi baƙin da ke fuskar Inna, ya sunkuyar da kai. Inna ta wuce ɗakin Sitti don ta gaya mata ta shirya, masu ta'aziyya suna tafe. Aka bar ni da shi.

"Fidda," ya ce. "Kin dawo, alhamdu lillahi. Ɗebo mini ruwa, 'yata."

Na je randa na ɗebo, na kawo masa da hannu biyu, na durƙusa yadda aka koya mini.

"Ga shi, Baffa."

Ya riƙe moɗar bai sha ba. Ya shekara ashirin da wani abu a duniya bayan wannan rana, na yi masa wanki, na yi masa jinya, ni na rufe masa ido, kuma da wannan sunan na kira shi har ƙarshe.